Ɗan Aike a Zaure: Waiwaye Kan Sankarar Shimfiɗar Mahaifa

A jikin ɗan Adam da wuya a sami wani nama da ake rushewa a sake ginawa kamar shimfiɗar da ke cikin mahaifa. Duk wata, idan jinin al'ada ya ɗauke, abin da ya rage a bangon mahaifa bai wuce kaurin milimita ɗaya ko biyu ba. Kafin mako biyu ya cika ya tasam ma santimita guda, ya yi jijiyoyin jini, ya yi laushi, yana jiran ko ciki zai shiga. In bai shiga ba sai a zubar, a koma farko. Macen da ba ta yi haihuwa da yawa ba tana iya yin wannan zagaye sau ɗari huɗu tsakanin balaga da ɗaukewar al'ada. Wurin da ake yawan ce masa girma, a kuma ce masa dakata, wata rana sai an sami lungun da umarni na biyu bai isa ba. Daga nan sankarar shimfiɗar mahaifa take tasowa. Daban take da ta bakin mahaifa, wadda aka fi sani a ƙasashenmu, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. Wannan can ciki take, kuma yawanci sai bayan mace ta daina al'ada take bayyana. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ta a jikin mata wajen 420,000, ta kuma yi ajalin kusan 98,000.

Wa ke kai wannan umarni na girma, ta wace ƙofa yake shiga, kuma a ina yake lalacewa? Amsar farko da likitoci suka riƙe ita ce sinadarin mata, estirojin. Tun 1947 wani likitan mata a New York, Saul Gusberg, ya nuna cewa shimfiɗar da estirojin ya daɗe yana zuga ta, ba tare da abokin aikinsa furojestaron ya zo ya tsawatar ba, tana yin kauri fiye da kima, kuma wannan kauri kan zama share fagen sankara. Ba a ɗauki gargaɗin da nauyin da ya kamata ba. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 miliyoyin matan Amurka da suka daina al'ada sun riƙa shan ƙwayar Premarin, estirojin da ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki, don maganin zufa da zafin jiki na wannan mataki na rayuwa. A Disambar 1975 bincike biyu suka fito a lokaci guda a mujallar likitoci ta New England, duka suna cewa masu shan estirojin shi kaɗai haɗarin kamuwarsu ya ninka sau da yawa. Aka rage rubuta maganin, adadin masu kamuwa ya sauka. Daga baya aka tabbatar cewa haɗa shi da furojestaron yana kare shimfiɗar.

A 1983 wani likita a Leningrad ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Jan Bokhman, ya duba bayanan mata 366 ya ce cuta biyu ce ake kira da suna ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku mata ne masu ƙiba, da yawansu da ciwon suga ko hawan jini, sankararsu tana tafiya a hankali, tana kuma jin furojestaron. Sauran ba su da waɗannan alamomi, tasu tana saurin bazuwa, ba ruwanta da estirojin. Rabon Bokhman ya yi shekara talatin ana karantar da shi. Sai dai ya bar giɓi biyu. Idan rukuni na biyu ba estirojin ke tura shi ba, me ke tura shi? A rukuni na farko ma, ta yaya estirojin ke sa ƙwayar jiki ta rabu biyu?

Amsar ta zo ta wata hanya da babu wanda ya yi zaton tana da alaƙa da mahaifa. Rita Levi-Montalcini Bayahudiya ce 'yar Turin a Italiya. Dokokin wariya da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1938 sun raba ta da jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta ɗakin bincike, tana fasa ƙwan kaza tana duba yadda jijiyoyin ɗan tsako ke tsirowa. Bayan yaƙi Viktor Hamburger ya gayyace ta Jami'ar Washington da ke St. Louis. A can ta lura cewa idan aka dasa gutsuren ƙarin ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyi sukan yi ta tsirowa babu ƙaƙƙautawa, har a gaɓoɓin da ke nesa da ƙarin. Ashe ƙarin yana sakin wani abu a jini. Wani matashin masanin sinadarai, Stanley Cohen, ya zo don ya tace wannan abu. Ya yi amfani da dafin maciji domin ya narkar da wasu sinadaran da ke gauraye da shi, sai ya tarar dafin kansa ya fi ƙarin ƙarfin tsirar da jijiya. Tunda dafi daga wata jaka mai dangantaka da ta miyau yake fitowa, Cohen ya je ya duba jakar miyan ɓera namiji, ya same shi a cike.

Abin da ya shafe mu ya faru a gefe. Da Cohen ya yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan jakar miyan da bai gama tacewa ba, sai suka buɗe ido a kamar kwana bakwai maimakon sha biyu zuwa sha huɗu, haƙoransu ma suka riga lokaci. Wani zai iya ɗaukar wannan a matsayin datti a cikin gwaji, ya wuce. Shi ya tsaya a kai. Ya koma Jami'ar Vanderbilt, a 1962 ya bayyana cewa ya tace wani ƙaramin furotin da ke sa ƙwayoyin fata su hayayyafa, wanda aka sani yau da EGF. Shi da Levi-Montalcini suka raba kyautar Nobel a 1986. Ita ta rayu har shekara 103.

Yadda waɗannan sinadaran girma ke aiki, duk wanda ya tashi a gidan ba-shiga zai gane shi da sauri. Estirojin kamar mace ce 'yar uwar gida, tana ratsa fatar ƙwayar jiki ta wuce har ƙuryar ɗaki, inda rubutun gado yake. Sinadarin girma kuwa baƙo ne namiji, ba ya wuce zaure. Yana yin sallama, akwai wani furotin da ke tsaye a jikin fatar ƙwayar, rabinsa a waje rabinsa a ciki, shi ke amsawa. Wannan shi ne makarɓar saƙo. Da ɗan aike ya manne mata, sai ta haɗu da 'yar uwarta su zama biyu, ɓangarensu na ciki ya farka ya fara liƙa wa wasu furotin ɗigon fosfet, wannan ya taɓa wancan, wancan ya taɓa na gaba, har maganar ta isa ƙurya: a girma, a rabu, kada a mutu. A 1979 Tony Hunter na Cibiyar Salk ya gano cewa a kan wani tubali mai suna tayirosin ake liƙa wannan ɗigo a wasu furotin masu jawo sankara, shekara guda bayan nan ɗakin binciken Cohen ya nuna makarɓar EGF ma haka take yi. A 1984 Julian Downward da Michael Waterfield a Landan, tare da abokan aikinsu a Isra'ila da Amurka, suka gano cewa wata ƙwayar cuta mai sa wa kaji sankarar jini tana ɗauke da kwafin makarɓar EGF da aka gutsure wa kai. Ba ta da ɓangaren da ke jin sallama, amma kullum tana aika saƙo cikin gida cewa an yi baƙo. Daga ranar aka fara kallon sankara a matsayin saƙon girma da ya ƙi yankewa.

Masu binciken mahaifa suka ɗauka daga nan. A farkon shekarun 1990 aka nuna cewa idan aka cire wa ɓera mace ƙwayayenta don estirojin ya ƙare, aka ba ta EGF, mahaifarta tana girma kusan kamar an ba ta estirojin. Gwajin da ya fi burge ni shi ne na Paul Cooke da Gerald Cunha a 1997. Shimfiɗar mahaifa hawa biyu ce: ƙwayoyin sama, waɗanda su ne ke zama sankara, da naman ƙasa da suke zaune a kai. Masanan suka haɗa ƙwayoyin sama na ɓeran da ba shi da makarɓar estirojin da naman ƙasa na ɓera mai lafiya. Da aka ba da estirojin, ƙwayoyin sama suka hayayyafa, alhali su kansu ba sa jin sa. Da aka juya haɗin, babu abin da ya motsa. Ma'ana, a mahaifa mai lafiya estirojin da maƙwabci yake magana, maƙwabcin ne ke tura 'yan aike irin su IGF-1 da dangin EGF da FGF zuwa zauren ƙwayoyin sama.

Nan ne kuma matan Bokhman masu ƙiba da ciwon suga suka sami bayani. Kitse yana juya wasu sinadarai su koma estirojin, ko bayan ƙwayayen mace sun daina aiki, a lokacin da babu furojestaron da zai ce a dakata. Insulin da ke yawaita a jinin mai ƙiba shi kansa sinadarin girma ne, makarɓarsa 'yar ɗaki ɗaya ce da ta IGF-1, kuma yana rage furotin da ke ɗaure IGF-1 su hana shi yawo. Shimfiɗar da ya kamata ta huta bayan ɗaukewar al'ada sai ta wayi gari ana yi mata sallama ta ƙofa uku.

A tsakiyar wannan bayani akwai abin da ya fi shi muhimmanci ga iyayenmu mata. Kusan tara cikin goma na masu wannan sankara da zubar jini take fara nuna kanta. Mafi yawan matan da suka ga jini bayan al'ada ta ɗauke ba sankara ba ce, amma wajen ɗaya cikin goma ita ce. Idan aka kama ta tana cikin mahaifa, tiyata kan wadatar, kuma wajen kashi 95 cikin ɗari suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan ta kai huhu ko hanta, adadin bai kai kashi 20 ba. Duk magungunan da za a ambata a ƙasa, don waɗanda cutar ta riga ta yi nisa ne ko ta dawo. Jinin da dattijuwa ta gani ta yi shiru don kunyar 'ya'yanta, ko ta ce al'ada ce ta waiwayo, ya cancanci a kai ta asibiti a makon, a ɗebi ɗan nama a duba.

Ƙarshen shekarun 1990 lokaci ne na babban fata. Dennis Slamon na Los Angeles ya nuna a 1987 cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na sankarar nono suna tara kwafi masu yawa na HER2, wata ƙanwar makarɓar EGF, kuma su ne suka fi kisa. A 1998 aka amince da trastuzumab, furotin na garkuwar jiki da aka ƙera don ya toshe ta, ya kuma canza makomar waɗannan mata. Da aka duba sankarar mahaifa aka ga makarɓar EGF a fiye da rabinta, sai kowa ya ce ai ga ƙofa, saura kuba. Aka shiga gwaje-gwaje. A Kanada, Amit Oza ya ba mata 32 maganin erlotinib, huɗu kaɗai ƙarinsu ya ragu. A Amurka aka ba mata 26 gefitinib, ɗaya ce ta amsa. Lapatinib ma ɗaya cikin talatin. Da aka gwada trastuzumab shi kaɗai a mata 34, sakamakon da ya fito a 2010 bai nuna ko mace ɗaya da ƙarinta ya ja baya sosai ba. Kowace lamba a nan mace ce da cutarta ta dawo, ta sa hannu a takarda, ta sha gudawa da ƙuraje na wata da watanni.

A ganina an yi gaggawa, domin dalilin gazawar yana rubuce tun kafin a fara. A 1988 Lewis Cantley da ɗalibinsa Malcolm Whitman a Boston sun gano wani ma'aikaci da ke tsaye daf da bayan zaure, PI3K. Idan makarɓa ta farka, shi ne ke yin wata alama a cikin fatar ƙwayar, kamar almajiri ya yi rubutu a allo, wasu furotin biyu, AKT da mTOR, su karanta su ɗauki aiki. A 1997 Ramon Parsons a New York da Peter Steck a Houston, kowa da hanyarsa, suka gano wata ƙwayar gado mai suna PTEN da ke ɓacewa a sankara iri-iri. Shekara ta zagayo aka gane aikinta: ita ce mai wanke allo. A wannan shekarar ta 1997 aka gano cewa babu sankarar da PTEN ke yawan lalacewa a cikinta kamar ta shimfiɗar mahaifa. George Mutter na Boston ya same ta a lalace a kashi 83 cikin ɗari na nau'in da ke bin estirojin, da kashi 55 na kaurin da ke gabatar sankara. Ya ma tarar da 'yan tsirarun ƙwayoyi marasa PTEN a mahaifar mata masu ƙoshin lafiya wajen kashi 40 cikin ɗari, waɗanda al'ada ke sharewa a mafi yawan lokuta kafin su yi ɓarna. A 2005 aka ƙara gano cewa shi PI3K ɗin ma yakan sami kuskuren da ke sa shi rubutu ba tsayawa, kuma sau da yawa a ƙari ɗaya da wanda ya rasa PTEN.

To idan allo ba ya wankuwa, marubuci kuma bai san gajiya ba, rufe zaure me zai yi? An ga makarɓa a jikin ƙari aka ɗauka da ita yake rayuwa. A 2004 masu binciken sankarar huhu sun nuna cewa gefitinib yana aiki ne a inda makarɓar EGF kanta ke da kuskure, irin wannan kuskure kuwa da ƙyar ake ganin sa a mahaifa.

Sai aka shiga cikin gida. Akwai wani magani, rapamycin, da asalinsa ƙwayar halitta ce daga ƙasar tsibirin Rapa Nui a tekun Fasifik, wanda wata tawagar Kanada ta ɗebo a 1964. Shi mTOR yake kashewa. Oza ya gwada ɗan uwansa temsirolimus, a 2011 ya ba da rahoton cewa kashi 14 cikin ɗari na waɗanda ba su taɓa karɓar kemo ba sun amsa, kashi 4 na waɗanda suka taɓa, kuma rashin PTEN bai nuna wacce za ta amfana ba. Da Brian Slomovitz a Houston ya haɗa wani ɗan uwan rapamycin, everolimus, da letrozole, mai hana jiki yin estirojin, amsar ta kai kashi 32. Wannan ya yi daidai da abin da gwajin ɓeraye ya nuna tun farko, cewa hanyar estirojin da ta sinadaran girma hannu ɗaya suke, in ka tare ɗaya ɗayar ta ɗauki kayan.

Magungunan da ke kashe PI3K kai tsaye sun ci karo da wata matsala mai ban tausayi. Hanyar da sankara ke bi ta girma, ita ce dai hanyar da insulin ke bi ya sa tsoka da hanta su sha suga. Ka toshe ta, suga ya hau, jiki ya kwararo insulin don ya sauke shi, wannan insulin ɗin ya sake buɗe hanyar a cikin ƙarin. Cantley da abokan aikinsa suka bayyana wannan a 2018, shekara talatin cif bayan ya gano PI3K, suka nuna a jikin ɓeraye cewa rage insulin ta hanyar abinci ko magani yana dawo wa maganin da ƙarfinsa. Ga matan da yawancinsu dama da ciwon suga suka zo, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. An sa rai a kan metformin, maganin suga mai arha da kowane kemis ke da shi, amma babban gwajin da ya haɗa shi da kemo bai nuna ƙarin tsawon rai ba.

Akwai kuma labarin FGFR2, wata makarɓar FGF. A 2007 Pamela Pollock, tana aiki a Arizona, ta gano kuskure a wannan makarɓa a wani kaso na sankarar mahaifa, binciken da ya biyo baya ya tsayar da shi a kamar kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Abin mamaki, kuskuren da ya fi yawa shi ne ainihin wanda ke sa a haifi jariri da ƙasusuwan kai a haɗe tun kafin lokaci da yatsu a manne, lalurar da likitan Faransa Eugène Apert ya siffanta a 1906. Makarɓa mai wannan kuskure tana amsa sallamar da ba tata ba. A kwanon gwaji, toshe ta na kashe ƙwayoyin sankarar. A jikin mutane, gwajin dovitinib da ya fito a 2015 bai cim ma abin da aka sa masa ba, kuma masu kuskuren da marasa shi kusan daidai suka tashi.

A 2013 wani babban aiki na gwamnatin Amurka, ƙarƙashin jagorancin Douglas Levine, ya karanta rubutun gado na ƙari 373, ya mai da rukunan Bokhman biyu zuwa huɗu. Akwai masu kurakurai dubbai saboda lalacewar wata ƙwayar gado mai suna POLE, waɗanda duk da munin kamanninsu da wuya su yi kisa. Akwai waɗanda suka rasa masu gyaran kuskuren rubutu. Akwai masu natsuwa da ke bin estirojin. Na huɗu su ne waɗanda rubutunsu ya hargitse, suka rasa mai tsaro p53, kuma a cikinsu ne nau'in da likitoci ke kira siros yake, wanda bai wuce kashi 10 cikin ɗari na masu cutar ba amma yana ɗaukar wajen kashi 40 na mace-macen. A wannan rukuni ne HER2 ta fi taruwa.

Alessandro Santin, ɗan Italiya da ke aiki a Amurka, tun 2002 yake cewa a dubi HER2 a nau'in siros. Hujjarsa ita ce gwajin trastuzumab na baya ya gauraya kowa da kowa, ya kuma ba da maganin shi kaɗai ga matan da cuta ta riga ta ci ƙarfinsu. Shi da Amanda Fader ta Jami'ar Johns Hopkins suka shirya gwajin da ya ɗauki masu siros kawai, waɗanda aka tabbatar ƙarinsu cike yake da HER2, wato kamar uku cikin goma na masu wannan nau'i. Sai da aka yi shekaru kafin a tara mata 61. Sakamakon ya fito a 2018: masu kemo kaɗai wata 8 cutar ta yi kafin ta sake motsi, waɗanda aka ƙara wa trastuzumab wata 12.6. A cikin waɗanda aka fara musu tun farkon jiyya, daga wata 9.3 zuwa 17.9. Magani ɗaya ne da wanda aka yanke wa ƙauna a 2010. Abin da ya canza shi ne wa aka ba, kuma yaushe.

Lenvatinib na kamfanin Eisai na Jafan ya bi ta wata fuska. Yana toshe makarɓu da dama lokaci guda, har da FGFR, amma babban aikinsa a kan makarɓar VEGF ne, wadda ke jikin jijiyoyin jinin da ƙari ke janyowa don ya ci. Haɗe da pembrolizumab, mai kwance wa sojojin garkuwar jiki dabaibayi, an gwada shi a mata 827 ƙarƙashin Vicky Makker ta New York. Rahoton 2022 ya nuna tsawon rai na wata 18.3, masu kemo kuwa 11.4. Farashinsa a jiki yana da nauyi: kusan kashi biyu cikin uku sun sami hawan jini, kusan haka kuma sai da aka rage musu adadin maganin. Gaskiya ita ce ci gaba mafi girma na 'yan shekarun nan daga magungunan garkuwar jiki ya zo, musamman ga waɗanda suka rasa masu gyaran kuskuren rubutu, ba daga toshe makarɓu ba.

Amma HER2 ta dawo da wani sabon aiki. Masanan kamfanin Daiichi Sankyo suka ɗaura wa trastuzumab guba mai ƙarfi, wajen ƙulli takwas a jikin kowane ɗaya. A nan ba a damu da ko ƙarin yana rayuwa da saƙon HER2 ba, ko allonsa na wankuwa. Makarɓar ta zama adireshi kawai. Maganin ya manne mata, ƙwayar ta haɗiye shi, gubar ta kwance a ciki, har ta tsallaka ta kashe maƙwabtan da ba su da HER2. Wannan tsallakawa tana da muhimmanci a mahaifa, domin a ƙari ɗaya wani sashe kan cika da HER2, wani sashe babu ko kaɗan. A gwajin da aka bayyana a 2023, cikin mata 40 masu sankarar mahaifa da wasu magunguna suka riga suka gaza musu, kashi 57.5 cikin ɗari ƙarinsu ya ragu. A cikin 13 da HER2 ta fi yawa a jikinsu, 11 suka amsa. Kamar mutum ɗaya cikin goma na dukan waɗanda aka yi wa gwajin ya sami kumburin huhu, wasu ya yi ajalinsu. A Afrilun 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga duk ƙarin da HER2 ta kai wannan mataki a jikinsa, idan cutar ta yi nisa kuma wasu magunguna sun gaza.

Wannan ɓangare na labarin ya taɓa mu. A Amurka baƙaƙen mata sun ninka farare kusan sau biyu wajen mutuwa da sankarar mahaifa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne nau'in siros ya fi yawa a cikinsu. Ƙiba da ciwon suga, masu ciyar da rukunin da ke bin estirojin, suna ƙaruwa a biranenmu. Trastuzumab yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 saboda sankarar nono, kuma a 2019 hukumar ta tantance kwafinsa na farko mai rahusa. Gwajin HER2 kuwa ba sabuwar na'ura yake buƙata ba. Rini ɗaya ne da wanda ɗakunan duba nama na manyan asibitocin koyarwa ke amfani da shi a kan ƙarin nono, ya rage likitan da ya cire mahaifa ya nema idan rahoto ya ce siros.

Karanta shi ne ke son ido na daban. Natalia Buza, mai duba nama a Jami'ar Yale, ta lura cewa a nono rinin yana zagaye ƙwaya gaba ɗaya kamar zobe, a mahaifa kuwa sau da yawa gefe da ƙasa kawai yake kamawa, ya bar sama a buɗe kamar ƙwarya. Wanda ya saba da nono zai iya ganin wannan ya rubuta babu. Ƙa'idar da aka bi a gwajin Fader, wadda Buza ta tsaya a kai, ita ce a ƙidaya ƙwarya kamar yadda ake ƙidaya zobe, a yanka babban gutsure domin kada a faɗa kan sashen da babu, kuma idan rini mai duhu ya kama fiye da kashi 30 cikin ɗari na ƙwayoyin, a rubuta cewa akwai.